"Ai tsufa ne": abin da jami'a ke koyarwa game da tsofaffi, da inda namu ya tsaya

Babu maganar da ta fi saurin rufe zancen lafiyar dattijo a gidajenmu kamar "ai tsufa ne". Baba ya daina ji sosai, tsufa ne. Inna tana tashi sau biyar cikin dare tana laluben buta, tsufa ne. Hajiya ta kwana lafiya ta wayi gari ba ta gane jikokinta, sai a ce gigin tsufa ya zo, a koma yi mata fatan cikawa da imani. Ba rashin ƙauna ke sa a faɗi haka ba, sau da yawa ma masu faɗin su ne suka fi kowa hidima da tsohon. Amma cikin abubuwan nan uku babu wanda ya kamata a naɗe hannu a kansa, na ukun kuwa, tunda dare ɗaya ya faru, yana iya washewa cikin 'yan kwanaki idan aka gano abin da ya kawo shi. Rarrabe abin da yake na shekaru da abin da yake ciwo shi ne tushen wani fannin karatu da jami'o'in duniya suka daɗe suna koyarwa, mu kuma yanzu muka fara leƙa shi.

Fannin rassa biyu gare shi, mutane kan cakuɗa su. Na farko likitancin tsofaffi ne: likita ya gama digirinsa, ya yi horon ƙwarewa, sannan ya keɓanta da marasa lafiya masu yawan shekaru, kamar yadda wani ke keɓanta da yara ko da mata masu juna biyu. Na biyu, jerontoloji, ya fi faɗi, kuma ba sai likita ba. Nazarin tsufa ne ɗungurungum: yadda jiki da tunani ke sauyawa, yadda iyali ke ɗaukar nauyi, yadda fansho ke aiki, abin da doka ta tanada kan dukiyar wanda hankalinsa ya fara gushewa, har da yadda ake gina banɗaki da matakala. A aji guda za ka tarar da nas, da jami'in jin daɗin jama'a, da mai gashin ƙashi, da masanin tattalin arziki, kowa da ƙofar da ya shigo ta cikinta.

Masanin nan ɗan Rasha, Iliya Mechnikov, shi ya fara kiran nazarin tsufa a matsayin fanni mai zaman kansa a 1903, likita Ignatz Nascher na birnin Niyok ya yi irin wannan kira ga likitancin tsofaffi a 1909. Wadda ta mai da maganar aiki kuwa wata likita ce a Ingila, Marjory Warren. A 1935 asibitinsu na West Middlesex ya karɓi wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, da mutum 714 a ciki, akasarinsu an riga an yanke cewa ba su da magani. Ta bi su gado-gado, ta duba kowa da irin natsuwar da ake duba saurayi. Sai ga shi da yawa suna da ciwon da ake iya magancewa, wasu kuma kwanciyar ce da kanta ta kassara su. Ta sa aka tashe su, aka gyara haske da shimfiɗa, aka sake koya musu tafiya, kuma da dama suka koma gida. Daga irin wannan aiki fannin ya kafu a asibitocin Ingila. A 1975 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka ta buɗe makaranta sukutum don nazarin tsufa, ta farko irinta.

Darasin farko da ɗalibi ke karo da shi shi ne, ciwo ba ya bayyana a jikin tsoho yadda yake bayyana a jikin matashi. Saurayi in ciwon huhu ya kama shi, ga zazzaɓi ga tari, kowa ya gani. 'Yar shekara 80 tana iya ɗauke da ciwon nan jikinta bai ko ɗumama ba. Abin da za a gani kawai ta daina cin abinci, ko barci ya yi mata yawa, ko ta faɗi a tsakar gida, ko ta ruɗe. Ciwon zuciya ma yana iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji ba, musamman ga mai ciwon suga. Wannan ruɗewa ta farat ɗaya ita ce ta fi ɓatar da iyali. Ƙwayoyin cuta a mafitsara ko a huhu na kawo ta, haka ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar suga, toshewar fitsari, taurin bayan gida, ko sabon magani da aka fara sha jiya. Abin gaggawa ne, kuma galibi yana da mafita. Ya sha bamban da cutar mantuwa, wadda ke shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru, mutum ya riƙa maimaita tambaya, ya manta hanyar masallacin da ya shekara 40 yana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuma nau'in Alzheimer ne. Akwai na uku, ciwon damuwa, wanda ke sa tsoho ya yi shiru, ya daina fita zaure, ya zama kamar mai mantuwa alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Ukun suna kama da juna a idon wanda bai koya ba, maganinsu kuwa daban-daban. Wanda ya iya tambaya ɗaya, "Yaushe abin ya fara, jiya ne ko bara?", ya riga ya yi rabin aikin.

Sai batun magani, inda nake ganin muka fi yi wa tsofaffinmu illa da kyakkyawar niyya. Ƙoda da hanta suna rage sauri da shekaru, don haka ƙwayar da jikin ɗan shekara 30 zai tace cikin sa'o'i tana iya daɗewa a jikin ɗan 75. Ga shi tsoho ɗaya yana shan na hawan jini daga asibiti, na suga daga wani likitan, na ciwon gwiwa daga kemis ɗin bakin layi, ga jiƙo da sassaƙe daga ƙauye, babu mutum ɗaya da ya taɓa zube su a faranti ya duba su tare. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna iya zubar da jini a ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Wasu magungunan mura da na barci suna ruɗa tsoho ko su tsai da masa fitsari. Akwai kuma wani sarƙaƙƙen abu da ake koya wa ɗalibai su gane: an ba Baba amlodipine don hawan jini, ƙafarsa ta kumbura saboda maganin, wani ya ɗauka sabon ciwo ne ya ƙara masa maganin sa fitsari, wannan ya sa masa jiri in ya miƙe, ya tashi alwalar asuba ya faɗi ya karya ƙugu. Kowane mataki da hujjarsa, ƙarshen kuwa karaya. A wannan fanni, cire magani gwaninta ce daidai da rubuta shi.

Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar magana ba ce, da yawa ba sa sake takawa bayanta, kwanciya kuma na jawo gyambo da ciwon huhu. Shi ya sa masu wannan karatu ba sa tsayawa a sunan cuta, sukan tambayi abin da mutum ke iya yi da kansa. Yana wanka? Yana tsugunawa a masai ya tashi ba a kama shi ba? Yana iya tauna tuwo da nama, ko haƙora sun ƙare ya koma koko da shayi? Yana gani? Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ta haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta ga waɗanda suka kai shekara 40, alhali aikin cire yana ba ya cin awa guda. Dattijo nawa ke zaune a ɗaki ana ja musu sanda a kan abin da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ke yi kullum? Kunne ma haka. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa raunin ji cikin abubuwa 14 da, in aka magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. Tsohon da ba ya ji yakan janye daga hira, daga majalisa, daga ɗaurin aure, kaɗaici kuma ya ci gaba da cin sa.

To, wani zai ce, mu da ƙasarmu ta yara ce, ina mu ina wannan? Gaskiya ne waɗanda suka haura shekara 60 a Najeriya ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba, a Nijar ma rabin jama'a ba su fi shekara 15 ko 16 ba. Amma kashi 5 na mutum fiye da miliyan 200 jama'a ce mai yawa. Sannan alƙaluman da ke cewa tsawon ran ɗan Najeriya shekara 50 da 'yan kai ne suna ruɗar mutane: mace-macen jarirai da ƙananan yara ne ke jan lissafin ƙasa. Wanda ya kai 60 yana da fiye da shekara 10 a gaba bisa matsakaicin lissafi, kuma shekarun da suka fi buƙatar hidima ke nan. A duniya, masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, ana hasashen biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Faransa ta samu kusan shekara 150 kafin rabon tsofaffinta ya tashi daga kashi 10 zuwa 20, ta yi shiri a tsanake. Burazil da Sin da Indiya shekara 20 da ɗoriya kawai za su samu. Horar da malamin jami'a guda a sabon fanni kuwa yana cin shekara 10.

Mun ma riga mun ga alama. A watan Afrilun 2020 Kano ta yi ta binne manyanta, malamai da 'yan boko da masu sarauta, har ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979, akasarinsu sun haura shekara 65, kuma kashi 50 zuwa 60 na da nasaba da korona. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana 4, kusan rabinsu tsofaffi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, jikinsa kuma ba ya saurin fitar da zafi. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Rabin karatun bai shafi jiki ba, ya shafi gida. A da gandu ne ke riƙe tsoho: gona tasa ce, 'ya'ya maza na noma a ƙarƙashinsa, matansu na girki, jikoki na kewaye da shi. Ikonsa a kan ƙasa shi ne fanshonsa. Yau gonar ta rarrabu, samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja da Agadas, wasu garuruwan Zamfara da Katsina da Barno an tashe su gaba ɗaya, tsohon da bai iya gudu ba ko an bar shi a baya ko yana sansanin 'yan gudun hijira. Fansho na hukuma 'yan kaɗan ya shafa. Daga dokar fansho ta 2004 zuwa 2024, masu asusun fansho a Najeriya miliyan 10 ne da 'yan kai, manomi da ɗan tireda da mai saƙa galibi ba su ciki. Jihar Ekiti ta gwada biyan 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata daga 2011, Zanzibar ta fara biyan duk ɗan shekara 70 a 2016, Gana ta yafe wa 'yan 70 kuɗin inshorar lafiya. Ɗalibin wannan fanni yana nazarin irin waɗannan tsare-tsare, nawa suke ci, me ya sa wasu ke ɗorewa wasu ke mutuwa da gwamnatin da ta kawo su.

Muna alfahari cewa ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma ina tare da wannan alfahari. Alƙur'ani ya hana a ce wa iyaye ko da "uffan" idan tsufa ya riske su a wurinka. Sai dai in muka ce "iyali ne ke kula da shi", mu tambaya wane ne iyalin. Kusan kullum mace ɗaya ce: 'yar da aurenta ya mutu, ko matar ɗa, ko amaryar da tsohon ya girme ta da shekara 30, wani lokaci jika 'yar shekara 13 da aka cire daga makaranta don ta zauna da kaka. Ita ke ɗaga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke wanke shimfiɗa, ita ke kwana ido biyu don kada mai mantuwa ya buɗe ƙofa ya fita. Babu wanda ya koya mata yadda ake juya majinyaci duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito, ko yadda ake ba shi kunu a zaune don kada ya shaƙe, ko yadda za ta ɗaga shi ba ta ji wa bayanta ciwo ba. 'Yan'uwa maza su turo kuɗi, su zo ranar Juma'a su gaishe da Baba, su ga ya rame su ɗora mata laifi. Gajiya irin wannan ce ke haifar da tsawa, da kulle ɗaki, da duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Mafi muni shi ne inda aka fassara sambatun mai cutar mantuwa da maita. Kisan Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, a Kafaba ta arewacin Gana a 2020, ya girgiza ƙasar, kuma zargin maita a kan tsohuwar da ba ta da gata ba baƙon abu ba ne a yankunanmu.

Ta ɓangaren hukuma an ɗan motsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe Cibiyar Tony Anenih ta kula da tsofaffi a 2012, ta farko da aka gina musamman don haka a ƙasar. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, a shekarar ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Takardu dai akwai su. Abin da ya rage shi ne mutanen da za su aiwatar, kuma jami'a ce ke samar da su.

A nan ne nake da fargaba guda: kada a kwaso manhajar Amurka a shimfiɗa mana yadda take. Manhajarsu an gina ta ne kan gidajen kula da tsofaffi da inshora da tsohon da ke zaune shi kaɗai. Hatta gwajin mantuwa da suka saba da shi yakan ce mutum ya zana fuskar agogo, ya riƙa cire 7 daga 100, ya faɗi kwanan wata na Bature. Ka ba tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba wannan gwaji, za ta faɗi, alhali tana riƙe da lissafin adashin mata 20 a ka. Masu bincike na Ibadan sun gane haka tuntuni. A aikin haɗin gwiwa da Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a Indiyanafolis, an yi amfani da gwajin da bai dogara da karatun boko ba, ana kuma tambayar wani na kusa da tsohon abin da ya lura da shi. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sabbin masu kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan ba su kai rabin na Indiyanafolis ba, abin da ya sa masana suka ƙara mai da hankali kan abinci da hawan jini da yanayin rayuwa. Amma wannan binciken Yarbawa ne, ba za a ɗauka ya gama bayani a kan tsohon Kano ko na Maraɗi ba.

Namu manhajar dole ta amsa tambayoyin da ake yi a nan. Yaya ake ƙiyasta shekarun wanda ba shi da takardar haihuwa, in ba ta tambayar ko ya yi wayo lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko yana da aure da aka kashe Sardauna a 1966, ko 'ya'yansa nawa a shekarar fari ta 1973? Yaya za a shawo kan Malam mai ciwon suga da ƙoda da ya ƙi ajiye azumi, alhali shari'a ta ba shi damar ciyarwa? Wannan zance ne da likita shi kaɗai ba zai ci nasararsa ba sai da limamin unguwa. Me ke faruwa da tsohuwa bayan ta fita takaba kuma an raba gidan gado? Tsoho namiji yana da masallaci sau biyar a rana da majalisar ƙofar gida, ita fa?

Ga matashin da ke tunanin bin wannan layi, gara ya ji gaskiya: guraben aiki masu ɗauke da wannan suna har yanzu ƙalilan ne a ma'aikatunmu. Shawarata, ya fara riƙe sana'a guda da hannu biyu, aikin nas ko gashin ƙashi ko harhaɗa magunguna ko jin daɗin jama'a ko nazarin zamantakewa, sannan ya ɗora ilimin tsufa a kai a matakin difiloma ko digiri na biyu. A waje kasuwa a buɗe take. Jamus ta kafa inshorar kula da gajiyayyu a 1995, Japan ta bi a 2000, inda duk wanda ya kai shekara 40 ke zuba kuɗi, kuma dukkansu na neman ma'aikata. Da Birtaniya ta buɗe biza ga masu wannan aiki daga 2022 zuwa 2025, 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawan tafiya. A gida kuwa, buƙatar ta fara fitowa a birane, inda 'ya'ya ma'aikata ke neman wanda zai zauna da mahaifiyarsu da rana kuma ya san abin da yake yi, sai su ƙare da ɗauko yarinya daga ƙauye.

Da za a tambaye ni inda Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo za su fara, ba zan ce su fara da gina sabuwar tsangaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan gajeren tsarin tantancewa a 2019 wanda ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya yi cikin mintoci: a ba tsoho kalmomi uku ya riƙe, a ga ko zai tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba, a yi masa raɗa a ji ko ya ji, a duba ganinsa, a tambaye shi ko ya rame ko cin abincinsa ya ragu, a tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki. A mai da wannan Hausa, a gwada shi a unguwa ɗaya cikin birni da ƙauye ɗaya, a gyara inda bai dace da mu ba, sannan a shigar da shi manhajar makarantun koyon aikin lafiya da na nas, domin ɗalibansu ne ke isa inda likita ba ya zuwa. Kowace rana ta asibitin hawan jini da suga kuma a ware awa guda ga matan da suka rako majinyata, a nuna musu juyi da ɗagawa da ciyarwa a aikace, a kuma tambaye su su ma yaya jikinsu.